Iskandariyya daga Alƙahira: in kai Hajiya ko mu haƙura?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Ina Alƙahira da mahaifiyata, mun zo kan ciwon gwiwarta. An yi hotuna da gwaje-gwaje, likita ya ce mu dawo ranar Talata, yau kuwa Alhamis. Kwana uku ke nan daga gado sai sallaya. Jiya da daddare wani ɗalibi ɗan Zariya ya kawo mana tuwo, a cikin hira ya ce mata ai Imam Busiri, mai ƙasidar Burda ta yabon Annabi (SAW), a Iskandariyya yake kwance. Tun daga nan ba ta da wani zance. Hajiya ta haura saba'in, ta haddace Burda tun tana yarinya a gidan kakanmu, kuma ba ta taɓa tsayawa bakin teku ba, ko a Jidda daga filin jirgi aka wuce da su Makka. Don Allah waɗanda suka san garin: yaya nisansa, kuma mai dogara sanda za ta iya? Ba na so in wahalar da ita a kan abin da bai kai ba.

Ɗalibin Azhar:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya. Nisan kusan kilomita 220 ne. Ka hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, mai na'urar sanyaya ɗaki, awa biyu da rabi zuwa uku. Tashoshi biyu ne manya a can: Sidi Jabir ce ta farko, sai Mahaɗɗat Misr wadda ke tsakiyar tsohon gari. Tunda Bahari za ku, unguwar bakin teku inda masallacin Busiri yake, kada ka sauka a ta farkon. Ka sayi tikiti tun yau, ka tafi da fasfo ɗinku, don farashin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa. Amma matakalar hawa jirgin tana da tudu, dole sai an kama ta.

Maman Ilham:
Ni dai shawarata ka ɗauki shatar mota. Na kai babana irin wannan tafiya shekara biyu da suka wuce. Cunkoson tashar Ramsis kaɗai ya ishi tsoho. A mota in ta gaji ku tsaya, in alwala ta kama ku tsaya, kuma direban zai ajiye ku a ƙofar masallacin. Ku yi ciniki ku gama kafin ku tashi, a faɗi ƙarara cewa zuwa da dawowa ne, da jira.

Ɗan Damagaram:
Barka da dare 'yan'uwa. Shekara biyu na yi a Iskandariyya, a Jami'ar Senghor, wadda aka buɗe a 1990 don ɗaliban ƙasashen da ke aiki da Faransanci. A unguwar Manshiyya muke lokacin, kullum sai na ga teku.

Abu na farko Alhaji, Disamba muke. Ruwan Iskandariyya da hunturu yake sauka, ba kamar namu ba. Akwai guguwar da suke kira nawwa, masunta sun san kowace da sunanta da kwanakinta. In ta taso, igiyar ruwa har kan titin bakin teku take fantsama, sanyi kuma ya shiga ƙashi. Ka duba hasashen yanayi kafin ka biya kuɗin mota, ka ɗaukar wa Hajiya rigar sanyi da safa da mayafi mai kauri.

Na biyu, kada ka je da tunanin za ka ga birnin da ke cikin littattafai. Da na sauka karon farko raina ya ɗan sosu: dogayen benaye da gishirin teku ya ci fentinsu, shanya a kowace baranda, tasi baƙi da rawaya suna ta ham, ƙananan bas da suke ce wa mashru'u. Mutum sama da miliyan biyar ne a matse tsakanin teku da tafkin Maryut. Tsohon birnin yana ƙarƙashin gidajen nan, wani ɓangarensa kuma, har da unguwar fadar sarakuna, yana ƙarƙashin ruwan tashar gabas. Sai da na yi wata uku kafin garin ya shiga raina.

Alhaji na Kwari:
Yauwa, ka faɗi abin da nake shirin faɗi. Ni na je sau ɗaya kan maganar kaya a tashar jiragen ruwa, ban ga abin da ake zuzutawa ba. Dalar Giza tana nan kusa da kai, minti arba'in. Ka kai ta can, ku wuce masallacin Husaini da Azhar, ku dawo masauki. Awa shida a hanya da mai ciwon gwiwa ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Ilham:
Alhaji, ai ba dala ta ce tana so ba. Ta faɗi abin da take so.

Malam Abu Ammar:
Allah ya ba mahaifiyarmu lafiya, ya sa kaffara ne. Ina da 'yar nasiha, ba don in hana ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ba a ɗaura sirdin tafiya sai zuwa masallatai uku. Sannan na shiga masallatan nan na Bahari da kaina, na ga masu shafar ƙarfen kabari suna kiran mai kabarin. In za ku je, ku je da niyyar ganin gari da shan iska, in kun shiga ku yi sallama ku yi wa mamaci addu'a, roƙo kuma ga Allah shi kaɗai.

Malam na Zaure:
Allah ya saka wa Malam Abu Ammar. Ƙarshen maganarka babu mai ja. Amma farkonta malamai sun yi saɓani a kai tun da daɗewa, da yawansu sun fassara hadisin da cewa magana ce a kan masallatai, wato babu masallacin da ake tafiya dominsa don neman ƙarin ladan salla sai ukun nan. Kuma a Muslim ɗin dai aka ruwaito izinin ziyarar kaburbura bayan an taɓa hanawa. Tsohuwa mai shekara saba'in da ta rayu tana yabon Annabi (SAW) da baitocin bawan Allah, ta ce tana so ta yi masa sallama, ni ban ga abin tsoro a nan ba.

Bari in ƙara wa Baban Sadiq abin da zai gaya mata a hanya. Babban masallacin da ke dandalin masallatai na Bahari na Abul Abbas al-Mursi ne. Mutumin Mursiya ne a Andalus, an haife shi a 1219, ya rasu a Iskandariyya a 1287. Almajirin Abul Hasan Shazali ne kuma halifansa. Imam Busiri yana cikin waɗanda suka zauna gabansa, haka ma Ibn Aɗa'illah mai Hikam. Masallacin Busiri yana nan gefe, taku kaɗan ne tsakaninsu, malami da almajiri. Kuma abin da aka daɗe ana ruwaitowa shi ne Busiri ya yi ƙasidar ne yana fama da shanyewar ɓarin jiki, ya yi mafarki da Manzon Allah ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya tashi da lafiya. Daga mayafin nan sunan ya fito. Mai jinya ba za ta ji wannan kamar yadda ni da kai za mu ji ba.

Mu Malikawa ma muna da alaƙa da garin da ba kowa ya lura ba. Ibnul Hajib a can ya rasu a 1249. Shi ne Shaihu Halil ya yi wa littafinsa sharhi kafin ya rubuta nasa Muhtasar ɗin, wanda har gobe ake jan baƙinsa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato.

Malam Abu Ammar:
Na ji, Allah gafarta Malam. Ina nan a kan fahimtata game da tafiyar, kuma akwai baitoci a ƙasidar da malamanmu suka yi magana a kansu. Amma ba a nan za mu warware wannan ba, ga mara lafiya tana jira. Abin da muka haɗu a kai ya wadatar: sallama, addu'a, ban da shafa.

Ummu Hanan:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Iskandar ɗin da ya gina garin shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi?

Malam na Zaure:
Wasu masu tafsiri na da sun faɗi haka, amma Ibn Kasir ya rarrabe su. Wanda ya kafa garin a shekara ta 331 kafin Miladiyya sarkin Makidoniya ne, ɗan Filibus, almajirin Arisɗo, kuma gumaka yake bauta wa. Wanda Alƙur'ani ya yaba mumini ne adali.

Malamin Lissafi:
Tunda an shiga tarihi, ina roƙon Baban Sadiq alfarma ɗaya: ko da awa guda ce, ku shiga sabon ɗakin karatu. Ni duk shekara in zan fara koyar da ilimin kusurwa da da'ira sai na ambaci garin nan. A can Iƙlidis ya koyar, wanda tsarinsa ne har yau muke bi a allo. A can kuma Iratostinis, shugaban tsohon ɗakin karatun, ya auna kewayen duniya da inuwa. Ya samu labarin cewa a Aswan, a ranar da rana ta fi tsawo, da tsakar rana haske yana sauka har ƙasan rijiya, sanda ba ta da inuwa. A rana irin wannan ya auna inuwa a Iskandariyya, ya samu kusurwa wajen digiri 7, wato kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira. Sai ya ninka nisan garuruwan biyu sau hamsin. Amsarsa ba ta yi nisa da ta yau ba, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, babu komai a hannunsa sai sanda da hankali. Ɗalibaina in na kafa musu kara a filin makaranta na ba su labarin nan, har na bayan aji sai ya matso.

Sabon ginin an buɗe shi a Oktoban 2002. Wani kamfanin zanen gini na Norway ne ya tsara shi kamar faifai da ya karkato yana fuskantar teku. Bangonsa na dutsen Aswan ne, an sassaƙa haruffan rubuce-rubuce kusan 120 na duniya a jiki. An yi shi don ya ɗauki littafi miliyan takwas.

Alhaji na Kwari:
Shi tsohon ba cewa aka yi Musulmi ne suka ƙone shi ba? Wani Bature abokin cinikina ya taɓa gaya mini haka, na rasa amsar da zan ba shi.

Ɗalibin Azhar:
Alhaji, in kun sake haɗuwa ga amsa. Amru ɗan Asi ya karɓi garin a wajen 641 zuwa 642. Labarin cewa Sayyidina Umar ya umarce shi ya ƙona littattafan a murhun gidajen wanka bai bayyana a rubuce ba sai a ƙarni na 13, wurin Abdullaɗif al-Bagdadi da Ibnul Ƙifɗi, kusan shekara 600 bayan abin. Waɗanda suka rubuta tarihin buɗe Masar tun da wuri, Musulmi da Kirista, babu wanda ya kawo shi. Manyan masana tarihi na Turai su kansu sun yi watsi da shi. Abin da aka sani shi ne wuta ta ci wani ɓangare a shekara ta 48 kafin Miladiyya, lokacin da Yuliyus Kaisar ya cinna wa jiragen ruwa wuta a tasha. Yaƙe-yaƙen Rumawa a ƙarni na 3 sun ragargaza unguwar fada. Haikalin Sirabis, inda reshen ɗakin karatun yake, an rushe shi a 391. Tsakanin waɗannan kuma akwai abin da ya fi wuta ɓarna: kuɗin kula da shi ya yanke, malamai suka watse, takarda kuwa a garin da ke da laima in ba a sake kwafe ta ba ruɓewa take.

Malamin Lissafi:
Wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Akwai buhunan rubuce-rubucen kakanninmu a ɗakunan ƙasa da gara ke ci yanzu haka, ba tare da kowa ya kunna ashana ba. A gidanmu ma akwai gafaka biyu da na daɗe ina cewa zan kai a ɗauki hotonsu. Wannan hutun zan yi in sha Allah.

Maman Ilham:
Malamai, mu dawo kan Hajiya. Baban Sadiq, ga abin da gwiwa za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom Shuƙafa, waɗanda aka gano a 1900, kada ma ka fara: matakala ce mai murɗewa zuwa can ƙasa. Amudus Sawari, dogon ginshiƙin jan dutse mai kusan mita 27, a kan tudu yake, daga mota ma ana hango shi. Ɗakin karatu yana da na'urar hawa bene, wannan babu damuwa. Lambun Muntaza yana can ƙarshen gabas, da cunkoso zai cinye muku awa guda, ku bar shi. Masallatan biyu da ganuwar Ƙaitbai duk yanki ɗaya ne, su za ka sa a gaba. Ƙofar mata daban take a masallacin Abul Abbas, don haka ka roƙi wata mata ta riƙe mata hannu, ba sa ƙi.

Ɗan Damagaram:
Haka ne. A ganuwar ma ba sai ta hau sama ba, zama a bakin hanyar shiga ya isa, teku hagu da dama. Amma kai ka hau. Sarki Ƙaitbai ya fara gina ta a 1477 a daidai gurbin hasumiyar fitilar nan da ake lissafawa cikin abubuwan al'ajabi bakwai na tsohuwar duniya. An gina hasumiyar wajen 280 kafin Miladiyya, tsayinta ya haura mita 100, ta yi fiye da shekara 1,500 tana nuna wa jirage hanya, har girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka gama da ita. Ibn Baɗuɗa ya gan ta a 1326 gefe ɗaya ya zube, da ya dawo a 1349 ko ƙofarta ba a iya kaiwa. Shi ne dai mutumin da bayan 'yan shekaru ya iso Takadda a ƙasarmu, ya rubuta labarin tagullarta har ya ambaci Gobir. Duk lokacin da na tsaya a wurin sai in tuna ƙafa ɗaya ce ta taka nan ta taka can.

In kun biyo ta Manshiyya, ka nuna mata dandalin. A nan Jamal Abdunnasir, wanda haifaffen garin ne, ya sanar da ƙwace mashigin Suwais ranar 26 ga Yulin 1956. Shekara huɗu daidai kafin nan, a rana irin ta, Sarki Faruƙ ya sauka daga mulki a fadar Ra'asut Tin, ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar.

Wani abu kuma da ban iya raba shi da tekun nan. Ni mutumin hanyar Agadas ne, na san yaran da suka bi ta Libiya ba a sake jin duriyarsu ba. A Satumbar 2016 jirgin 'yan ci-rani ya kife kusa da Rashid, gabas da Iskandariyya kaɗan, mutum sama da 200 suka rasu. In Hajiya ta ɗaga hannu a bakin ruwan, ta sa da su.

Ummu Hanan:
Allah ya jiƙansu. Amin.

Ɗalibin Azhar:
Abinci kuma: ku ci kifi a Bahari. Za a kai ka gaban ƙanƙara ka zaɓa da hannunka, a auna a gabanka, ka ce gashi ko suya. Ka tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a wuta. Ka ce a haɗa da shinkafa sayyadiyya, ja ce, da soyayyar albasa ake dafa ta. Hantar Iskandariyya a cikin burodi ma ta yi suna, sai dai yaji gare ta sosai, ka fara ɗanɗanawa kafin ka miƙa mata.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta mata duka, har da muhawarar malamai. Ta ce a gaya wa Malam Abu Ammar ta ji, ita gaisuwa za ta je yi. Hasashe ya nuna Asabar babu ruwa. Na samu mota.

Baban Sadiq:
Jama'a mun je mun dawo lafiya, alhamdu lillah. Mun tashi bayan asuba, ƙarfe tara da 'yan mintuna muka shiga gari. Da motar ta karyo kwana ta hau titin bakin teku, Hajiya ta yi shiru, sai can ta ce wa direba ya tsaya. Ba wurin tsayawa ba ne amma ya tsaya. Ta sauke gilashi, iska mai gishiri ta bugo ta, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ina ɗaya gaɓar take. Na ce sai an yi kwanaki a jirgi. Ta ce "Subhanallahi" sau uku.

Maman Ilham, yadda kika faɗa haka aka yi. Wata mata mai sayar da carbi ta bar tirenta a hannun 'yarta, ta kama Hajiya ta shigar da ita ɓangaren mata na Abul Abbas. Daga nan muka taka zuwa na Busiri, a hankali, tana hutawa. Ƙaramin masallaci ne in an gwada da na malaminsa. An rubuta baitocin a jikin bango, sun zagaye wurin. Idonta ba ya ganin rubutu mai nisa, sai ta ce in karanta mata farkon wanda ke samanmu. Kalma biyu na karanta ta karɓe, da irin karin da ake yi a gidanmu daren Mauludi. Wani dattijo mai gadin takalma ya matso yana bin ta a hankali da nasu karin. Ba ta jin Larabcinsa, ba ya jin Hausarta, suka kai ƙarshen fasalin tare. Da ta gama ya kawo mata kujerar roba da shayi, na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna.

Malam Abu Ammar, ba ta taɓa komai ba. Ta yi sallama, ta yi masa addu'a, ta yi wa kakanmu da ya koya mata.

Ganuwa ni kaɗai na hau, ita tana ƙasa cikin mayafi tana kallon masu kamun kifi da ƙugiya a kan manyan tubalan kankare da aka jibge don tare igiyar ruwa. Ɗan Damagaram, ta yi wa yaran addu'a, na gaya mata saƙonka. Malamin Lissafi ka yafe ni, ɗakin karatu daga waje kawai muka gan shi, gwiwar ta fara kumbura bayan azahar, muka ci kifi muka kamo hanya. Alhaji na Kwari, maganarka ta gajiya gaskiya ce, jiya wuni ta yi a kwance da ƙanƙara a ƙafa.

Ta sa na cika mata gorar ruwa da ruwan tekun, wai za ta kai wa jikokinta su ɗanɗana su ji da gaske gishiri ne. Gobe ƙarfe goma za mu ga likita, a sa mu a addu'a.

Maman Ilham:
Allah ya sa a ji alheri. Ka ɗaure bakin gorar da leda, ka sa ta a babbar jaka, ba a shiga da ruwa cikin jirgi a jakar hannu.